Fadama a Kan Tudu: Yadda Ake Hawan Tsaunin Atewa Daga Akra

Duk ɗan Zango a Akra ya san Tudu, ya san Fadama. Sunayen unguwanni ne, amma kakanninmu ba da ka suka raɗa su ba: tudu inda ƙasa ta ɗaga, fadama inda ruwa ke kwanciya. Da wannan sanin muka tashi, cewa ruwa gangara yake bi, wanda ya hau sama kuwa ya rabu da taɓo. To akwai wani wuri a ƙasar nan, tsakanin Akra da Kumasi, inda za ka yi awa uku kana hawa, gumi na zuba, ka isa can sama, sannan ƙafarka ta lume cikin taɓo har gwiwa. Wurin shi ne tsaunukan Atewa, kusa da Kibi, a Jihar Gabas, ƙasar Akyem Abuakwa.

Dalilin abin yana ƙarƙashin ƙafa. Saman Atewa shimfiɗaɗɗe ne, kuma a ƙasansa akwai marmara mai tauri, mai ɗauke da boksayit, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi. Ruwan sama in ya sauka ba ya samun hanyar nutsewa da sauri, sai ya taru a ƙananan kwaruruka, ruɓaɓɓen ganye ya jiƙe ya riƙe shi kamar soso, yana sakin sa kaɗan-kaɗan. Daga nan koguna uku suka samo asali: Densu, Birim da Ayensu. Densu shi ne ke cika madatsar Weija, wadda ke shayar da yammacin Akra. Mu mutanen Sabon Zango da Sukura da Fadama, ruwan alwalarmu daga can ya taso. Tun 1926 aka keɓe dajin a matsayin gandun gwamnati, wuri mafi tsayi a cikinsa kuwa ya kai mita 842.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, ba ƙarfi ke kai mutum can ya dawo da shi ba. Na ga samari 'yan ƙwallo sun galabaita, na ga dattijo manomin koko yana tafiya kamar a tsakar gidansa. Bambancinsu biyu ne: shi yana karanta ƙasa kafin ya taka, kuma ya san ƙarfe nawa zai juya.

Zaɓen lokaci

Kudancin Gana damina biyu gare shi. Babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. In hawanka na farko ne, ka bari sai hunturu, Disamba zuwa Fabrairu. Agusta ma ruwa kan ɗan tsagaita, amma ƙasa ba ta gama tsotse na Yuni da Yuli ba. Ko a tsakiyar rani kada ka sa rai fadamar sama ta bushe ƙayau, domin gajimare kan sauko ya lulluɓe dajin da safe, ganye ya yi ta ɗiga. Kuma kada ka haɗa wannan tafiya da azumi. Jiki na zubar da ruwa a kurmi fiye da yadda mutum ke ji.

Izini da ɗan gari

Gandun yana hannun Hukumar Kula da Gandun Daji ta Gana, ba a faɗa masa haka kawai. Ka je Kibi mako guda kafin ranar, ko ka aika wani, a nemi jami'an hukumar a karɓi izini, a kuma ji abin da za a biya. Ƙungiyar A Rocha Ghana, wadda ta daɗe tana fafutukar a mayar da Atewa wurin da doka ta hana haƙar ma'adinai, ta san mutanen yankin da suka san dajin. Hanyar da aka fi bi tana tashi ne daga ƙauyen Sagyimase, gaba kaɗan da Kibi.

Da ɗan gari akan ci gari. Ka ɗauki ja-gaba haifaffen wurin, ku daidaita ladansa tun kafin a tashi, kuma abincinsa da ruwansa a kanku. In ya girme ka, ka kira shi Agya ko Wofa kamar yadda 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa ke kiran sa, za ka ga yadda zai saki jiki. Ka tambaye shi abu uku: ko an yi ruwa cikin kwana ukun da suka wuce, ko akwai wuraren da masu haƙar zinariya ke aiki a yanzu don a kauce musu, da kuma ko ranar da kuka zaɓa tana cikin ranakun da al'adar garin ta hana shiga daji. Yawancin garuruwan Akan suna da irin waɗannan ranaku. Ba sai ka yi imani da dalilinsu ba, amma kai baƙo ne, girmama dokar masu gari wajibinka ne.

Kada ku gaza mutum huɗu, kada ku wuce takwas. In ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su sauka neman taimako. Sannan ka bar wa wani a gida bayani a rubuce: ƙauyen da za ku tashi, lambar ja-gaba, lambar direba, da lokacin da in bai ji ku ba zai fara kira. Lambar gaggawa a Gana 112 ce.

Ƙafa kafin komai

A nan ake yawan gardama. Manoman yankin dogon takalmin roba suke sawa, kuma suna da hujja: yana tare taɓo, yana tare kwarkwasa, yana rage hatsarin saran maciji a idon sawu. Aibinsa, in ruwa ya haura bakinsa ya zama bokiti, in taɓo ya kama shi kuma ƙafa kan fito ta bar shi a ciki. Takalmin hawa mai igiya da manyan haƙora a tafinsa ba ya cirewa, ya kuma fi riƙe ƙasa a gangara, amma zai jiƙe. Ni na fi son mai igiyar, domin jiƙewa ba ta hana tafiya, zamewa kuwa tana karya ƙafa. Ana samun na gwanjo masu kyau a kasuwar Kantamanto da ke Akra. Ka gwada shi da safa mai kauri, ya zamana akwai sararin yatsa guda a gaba, kuma ka yi mako biyu kana yawo da shi a gari. Sabon takalmi a kan dutse, kanta da bororo ne kawai. Silifa, kambas mai sulɓin tafi, da takalmin ƙwallo duk a bar su a gida.

Safa ƙafa biyu: ɗaya a jiki, ɗaya a ƙulle cikin leda. Ka shafa basilin tsakanin yatsu da dunduniya kafin ka sa. Dogon wando mara nauyi, a cusa bakinsa cikin safa. Kada ka sa jins, in ya sha ruwa nauyinsa kamar an ɗaura maka buhu, kuma ba ya bushewa. Riga mai dogon hannu saboda ƙaya da ƙwari. 'Yan'uwa mata su sa wando mai faɗi da riga iya gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda reshe ba zai fizga ba, dogon kuma a naɗe a jaka don sallah.

Sanda ita ce ƙafarka ta uku, kuma ita ce idonka a cikin taɓo. Ta kai tsayin kafaɗa, ta yi kaurin da za ta ɗauki nauyinka. Ja-gaba zai iya saro maka gora a gonakin gindin dutse.

A cikin jakar goyo, ka fara shimfiɗa babbar leda, komai ya shiga cikinta. Ruwa lita uku ga kowane mutum, wato ledar ruwa shida, amma ka juye a gorar roba don kada su fashe. Abinci mai ba da ƙarfi ba nauyi: garin rogo da sukari da gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, burodi. Wake da shinkafa ka ci shi da asuba, kada ka ɗauke shi, zafi na lalata shi. Sai tocila mai ɗaurawa a goshi, usur, rigar ruwa, igiya mai tsawon mita goma ga ayarin gaba ɗaya, bandeji, filasta, sabulu, maganin wanke ciwo, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. Waya a cike da caji, a ƙulle a leda, kuma ka sauke taswirar yankin tun a Akra, domin a cikin kurmi sabis zuwa yake yana ɗaukewa.

Hanya da lissafin rana

Daga Akra hanyar Kumasi za ka bi: Pokuase, Nsawam, Suhum, ka karkata a mararrabar Apedwa zuwa Kibi. Kilomita casa'in ne ko kusa da haka. Mutanen Kumasi su biyo ta Konongo, Nkawkaw da Anyinam, su shigo ta arewa. Shawarata, ku kwana a Kibi. Wanda ya ce zai taso daga unguwar Nima a Akra bayan asuba ya fara hawa da bakwai, bai san cunkoson hanyar Nsawam ba.

Yanzu lissafi. A ƙasarmu rana na fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen shida, shekara duka, kuma magariba ba ta jira. A ƙarƙashin manyan itatuwa duhu kan fara tun biyar. Masu hawan duwatsu suna da wata ƙa'ida da wani mutumin Sukotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A ce ja-gaba ya gaya maka kilomita 6 ne zuwa inda kuke so, hawan kuma wajen mita 500. Lissafin ya ba da awa biyu. Amma wannan na busasshiyar ƙasa ne da mutum mai jini a jika. A taɓo ka ninka shi, ka auna da tafiyar wanda ya fi kowa rauni a cikinku. Awa huɗu zuwa, awa uku da rabi dawowa, ga hutu da sallah.

Saboda haka ku shiga daji da shida da rabi, ku kuma yanke lokacin juyawa tun kuna ƙasa: ƙarfe ɗaya na rana. Ko an isa ko ba a isa ba. Ku faɗe shi a gaban kowa, domin a can sama za a sami mai cewa saura kaɗan. Wata tafiya ɗan yayata ya riƙe hannuna yana cewa, "Kawu, ga shi can fa muna gani, minti ashirin kawai." Na ce masa, "Ɗana, dutsen yana nan wata mai zuwa, hasken nan ne ba ya nan bayan biyar." Ya yi fushi har muka sauko, muna fita daga itatuwa ana kiran magariba.

Gindin dutse da hawa

Farkon tafiya ta cikin gonakin koko da ayaba ne, kuma abin mamaki nan ne wuri ɗaya mafi hatsari. Yankin Kibi ya sha fama da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba. Akwai ramukan da aka haƙa aka watsar, ruwa ya cika su, ciyawa ta rufe bakinsu, gefensu kuma yana zaftarewa da mutum. Duk kududdufin da ka ga ruwansa kamar koko, ko tsanwa shar a tsaye, ka ba shi tazara. Kada ka sha, kada ka yi alwala da shi, domin masu wankin zinariya da zaiba suke aiki. In kun ci karo da masu haƙa ko masu yankan katako, a yi gaisuwa a wuce. Ba ɗaukar hoto, ba tambaya.

Da an shiga kurmi, a jera: ja-gaba a gaba, mai rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Taku gajere, tafin ƙafa duka a ƙasa. In ba ka iya magana ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Ka kurɓi ruwa duk bayan minti ashirin, kada ka jira ƙishi. Jar laka in ta jiƙe ta fi sabulu santsi, don haka ka taka inda busasshen ganye ko tsakuwa suke. Saiwar itace mai sheƙi a haura ta, kada a taka ta. Kafin ka kama reshe ka dube shi, wasu ƙaya ce tun daga tushe, wasu kuma tururuwa ce a kai.

Taɓo

Ga inda ake bambanta wanda ya iya da wanda bai iya ba. Fadamar sama ba ta sanar da kanta. Alamominta su ne: itatuwa su fara gajarta, haske ya ƙaru, ƙasa ta yi laushi tana cewa caɓal, ka ji warin ruɓaɓɓen ganye. Inda ka ga tukurwa, ruwa na ƙarƙashinta. Inda ka ga fili sumul, kore shar, ba ko ɗan itace a kai, wanda ido ke cewa nan ne hanya mafi sauƙi, nan ne mafi zurfi. Itace ba ya tsayawa inda ƙasa ba ta iya riƙe shi, kai ma ba za ta riƙe ka ba.

Kafin ka shiga, ka tsaya ka yi abu uku. Ka ƙara ɗaure igiyar takalmi tam. Ka kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji, yadda za ka iya yar da ita da hannu ɗaya. Ka kuma zaɓi hanyarka da ido tun daga nan har wancan gefen, daga tudu zuwa tudu, ko da za ta yi gwadabe. Zagaye na minti goma ya fi ratse na minti biyu.

Sanda ce ke fara takawa. Ka soka ta gabanka da ƙarfi. In ta tsaya kafin tsawon kamu ɗaya, taka. In ta ci gaba da shiga ba ta ji ƙasa ba, nemi wani wuri. Ka taka kan tushen ciyawa mai dunƙule, a tsakiyarsa, ko gindin ƙananan itatuwa inda saiwoyi suka saƙa. Gungumen da ya faɗi ka buga shi da sanda tukuna, da yawa ɓawo ne kawai, cikinsu ya ruɓe. In ƙasa tana rawa ƙarƙashinka kamar katifa, tabarmar ciyayi ce a kan ruwa, koma da baya ta inda ka zo. Kada ka yi tsalle, domin mai tsalle da nauyinsa duka yake sauka a ƙafa ɗaya. Kada kuma ka daɗe tsaye wuri guda. Ku bar tazarar taku biyar tsakaninku, kuma ka sani sawun da mutum huɗu suka taka ya riga ya kwaɓe, na biyar ya ɗan kauce gefe.

In ka nutse, abin da jiki zai ce maka shi ne fizgo ƙafa. Kada ka bi shi. Fizga tana sa taɓo ya ƙara tsotse ƙafar, ɗayar kuma ta lume saboda nauyi ya koma kanta. Ka tsaya cak, ka yi numfashi. Cire jaka ka jefa ta inda ƙasa ke da ƙarfi. Shimfiɗa sandarka a kwance bayanka, ka zauna a kanta, ka jingina da baya ka buɗe hannuwa, nauyinka ya bazu. Kayanka za su ɓaci, ba komai. Sai ka riƙa motsa ƙafa ɗaya a hankali, gaba da baya, har ruwa ya sami hanyar shiga gefenta ya sassauta riƙon. Ka miƙe yatsu ƙasa, ka zaro ta sannu. Sannan ɗayar. In ka fita kada ka miƙe nan take, ka ja jiki ko ka mirgina zuwa inda ka fito. 'Yan'uwanka kuma kada su rugo. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa mai tauri ya miƙa sanda ko igiya, ya riƙe ta tsaye, kai ne za ka jawo kanka. In aka taru aka fizgi wanda ƙafarsa ke maƙale, gwiwa ce za ta goce.

Roƙona ɗaya a nan. Ƙananan rafukan da ke fita daga fadamar nan gidan halittu ne da ba a cika samun su wani wuri ba. A 2021 masana suka tabbatar da wani sabon nau'in kwaɗo a Atewa, suka sa masa sunan ƙauyen Sagyimase. Kada a yi wanka da sabulu a ciki, kada a yi bayan gida kusa da ruwa, kuma duk ledar da ta hau da kai ta sauko da kai.

Sallah a sama

Azahar za ta same ku a can. Alƙibla daga wannan yanki gabas ce maso arewa, kamfas ɗin waya zai nuna ko ba sabis. Taɓon daji ba najasa ba ne, kada ɓacin tufafi ya sa ka jinkirta. Ka nemi tudu ka shimfiɗa rigar ruwa. In lokaci ya ƙure maka a tsakiyar caɓi ba inda za ka sa goshi, mun karanta a Risala tun muna makaranta cewa matafiyi a irin wannan hali yana sallah a tsaye, ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Batun ƙasaru da haɗa salloli kuwa, ka gaya wa malaminka nisan tafiyar kafin ka tashi.

Bayan sallah ka ci abinci, ka matse safarka, ka sa riga busasshiya in kana da ita. Sama ta fi ƙasa sanyi, jiƙaƙƙen mutum da ya zauna a iska kuwa nan da nan yake fara rawar ɗari.

Abubuwan da kan faru

Kwarkwasa: in ka ga baƙin layi ya ratsa hanya, tsallake da sauri, ka yi gaba sosai kafin ka tsaya ka kakkaɓe.

Maciji: yawanci gudu yake, amma akwai masu kauri irin kasa da ke kwanciya cikin busasshen ganye ba motsi, launinsu ya saje. Kada ka sa hannu a rami, kada ka haura gungume ba ka leƙa bayansa ba. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da igiya, kuma baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar karan ɗori kamar ta karye, a hana mutumin tafiya in da hali, a ɗauke shi zuwa asibitin gwamnati na Kibi.

Hadari: in iska ta taso, hatsarin kurmi rassa ne masu faɗowa. Ku bar fili da ƙololuwa, ku nisanci doguwar bishiya da matacciya. Rafin da kuka haye da safe iya idon sawu yana iya kai ƙugu bayan ruwan awa ɗaya. In ya wuce gwiwa kuma yana gudu, ku jira, yadda ya cika da sauri haka yake janyewa.

Ɓata: da ka daina jin muryar 'yan'uwa, tsaya inda kake. Busa usur sau uku, saurara, sake busawa. Kada ka ce za ka bi rafi ya kai ka gari, a nan rafi kwazazzabo yake faɗawa, ƙarshensa kuma ramukan galamse.

Sauka da bayan an dawo

Yawancin faɗuwa a saukowa ake yi, lokacin da ƙafa ta gaji hankali ya tafi gida. Ka lanƙwasa gwiwa kaɗan, sanda ta riga ka, inda gangara ta yi tsanani ka sauka a kaikaice. Ku bi hanyar da kuka hau, ba lokacin gwada sabuwa ba ne.

Kuna isa ƙauye ka kira wanda ka bar wa saƙo. Ka sallami ja-gaba da kyau. Sannan ka wanke ƙafafu da duk wata ƙujewa da sabulu da ruwa mai tsabta, ka rufe ta. Ina nanata wannan ne saboda kwarin Densu yana cikin yankunan da aka san gyambon Buruli, cutar da ke da alaƙa da ruwa mai kwanciya. Takan fara da ɗan ƙullutu ko kumburi mara zafi, makonni ko watanni bayan haka, shi ya sa ake raina ta. In ka ga irinsa, ko zazzaɓi ya kama ka bayan dawowa, ko ka ga jini a fitsari alamar tsargiya, je asibiti ka gaya musu inda ka shiga. Buruli in an kama shi da wuri, magani na mako takwas yana warkar da shi.

Takalmi kuma kada ka bar taɓo ya bushe a kansa. Wanke shi a daren, cire shimfiɗar ciki, cusa masa tsohuwar jarida, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa.